'Yar yayana da nake riƙo ta kasa tafiya da 'yan ajinsu: ta ina zan fara?

Gwaggon Marainiya, Rikkos, Jos

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malaman makaranta da iyayen da suka taɓa riƙon ɗan wani, domin al'amarin da ke gabana ya fi ƙarfin tunanina ni kaɗai.

Shekara 3 ke nan da rasuwar yayana, wanda ya bar 'ya mace guda ɗaya a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Toro ta Jihar Bauchi. Da mahaifiyarta ta fita takaba ta yi wani aure, sai yarinyar ta koma hannun mahaifiyarmu. Da ƙarfin tsohuwa ya gaza aka mayar da ita gidan baffanmu, daga can kuma na roƙi maigidana ya bar ni in ɗauko ta, ya kuwa amince ba tare da gardama ba. Yanzu watanta 7 a wurina, shekarunta 11.

A ƙauye an ce mana tana aji 5, saboda haka aji 5 aka sa ta a makarantar gwamnati da ke kusa da mu. Da sakamakon zangon farko ya fito, ta zo ta 47 cikin yara 52, malamar ajinsu kuma ta rubuta cewa ba ta magana, ba ta yin jinga, sannan tana yawan barci a aji. Na zaunar da ita na ba ta littafin ɗana na aji 2, sai na tarar ko layi ɗaya ba ta iya karantawa. Tana kwafe abin da ke kan allo tsaf, rubutunta ma ya fi na 'ya'yana kyau, amma ba ta san abin da ta kwafa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a Islamiyya izunta 4, malaminsu kullum yabonta yake yi.

Ya zama dole in faɗi gaskiyar yadda gidan yake, don kada a ba ni shawara a kan rabin labari. 'Ya'yana uku makarantar kuɗi suke zuwa. Maigidana kayan gwari yake sayarwa a kasuwar Farin Gada, kuma ƙarfinsa bai kai ya biya wa na huɗu ba. Da yake ita ce babba a yaran gidan, ita ke ɗebo ruwa da asuba, ta yi wanke-wanke, ta share tsakar gida, ta raka ƙananan inda mai keke ke ɗaukarsu, sannan ta wuce tata makarantar. Ban ɗauki wannan a matsayin bautarwa ba, domin ni ma haka aka rene ni. Sai dai ranar da aka ba da hutu na ga ta naɗe katin sakamakonta ta cusa a ƙasan jakar bakkon da ta zo da ita, jakar da har yau ba ta kwashe kayanta daga ciki ba duk da na ware mata wuri a durowa. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Shin in sa a mayar da ita aji 2 ko 3 ta faro daga tushe? Ba ta da takardar haihuwa, kuma da aka tambayi sunan uba a makaranta, sunan maigidana aka rubuta. Akwai matsala a nan gaba? Sannan mahaifinta ya bar mata shanu biyu da kason gona, maigidana kuma yana ganin a sayar da saniya ɗaya a sa ta makarantar da ƙannenta ke zuwa. Ina tsoron taɓa dukiyar marainiya, ina kuma tsoron in yi mata riƙon sakainar kashi ban sani ba.

Malamar Firamare, Bukuru

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanki, ya ba ki ladan zumunci. Shekarata 19 ina koyarwa a ƙananan azuzuwa, kuma yaron da ya iya kwafa bai iya karantawa ba, ba baƙo ba ne a wurina.

Ki fara riƙe labarin Islamiyyar nan da kyau, domin shi ne shaidarki. Yarinyar da ta iya haɗa baƙi da wasali a rubutun Larabci har ta kai izu 4 ba daƙiƙiya ba ce. Ƙwaƙwalwarta ta riga ta gane cewa alamar da ke kan takarda sauti take wakilta, abin da ya rage kawai shi ne ba a taɓa zaunar da ita an koya mata baƙaƙen boko ɗaya bayan ɗaya ba. Gida uku cikin shekara uku yana nufin makaranta uku, wataƙila har da watannin da ba ta zuwa ko'ina, mu kuma a makarantunmu mun saba ciyar da yaro gaba kowace shekara ko ya iya ko bai iya ba. Ta haka ake kaiwa aji 5 da kyakkyawan rubutu da babu karatu a bayansa.

Akwai gwajin da za ki yi mata da kanki cikin minti 10. Ki rubuta baƙaƙe goma a warwatse, ba bisa jerin a, b, c ba, saboda jerin waƙa ce da kowane yaro ya haddace. Idan ta gane su, ki ba ta gaɓoɓi irin su ba, ki, su, ɗa. Idan ta wuce, ki ba ta kalmomi kamar gida, ruwa, tuwo, daga nan gajeriyar jimla. Inda ta tsaya, nan ne ajinta na gaskiya, kuma daga nan za ki faro. Ki fara da Hausa, kada ki fara da Turanci. Rubutun Hausa wasula biyar gare shi, kuma kusan yadda ake faɗar kalma haka ake rubuta ta, don haka yaron da ke jin harshen yakan kama da sauri. Turanci kuwa baƙi ɗaya yana iya fita da furuci kala-kala, ga shi ita ba ta ma jin abin da kalmomin ke nufi. Ina zargin shirun da take yi a aji ma daga nan yake: an ɗauko yarinya daga ƙauyen da ake bayani da Hausa an ajiye ta a ajin Jos da malama ke magana da Turanci daga safe har tashi. Idan ta iya karanta Hausa, ƙetarawa zuwa Turanci zai zo da sauƙi, domin baƙaƙen dai su ne.

Minti 20 kullum bayan sallar magariba ya fi awa uku ranar Asabar amfani. Amma ki yi shi ke da ita kaɗai, ba a gaban ƙaninta na aji 2 ba, kuma kada ki sake amfani da littafin da aka rubuta sunansa a bango. Ki saya mata nata.

Game da aji, ban goyi bayan a mayar da ita 2 ko 3 ba. Yarinya mai shekara 11 da ta fara tasawa, idan aka zaunar da ita cikin 'yan shekara 7, kunya ce za ta kore ta daga makaranta tun kafin ta ga ƙofar sakandare, kuma na ga hakan ya faru da idona. Ta ƙarasa wannan shekarar a aji 5 kina koya mata a gida. Idan Yuli ya yi ba ta kamo ba, ta maimaita ajin sau ɗaya. Karatun tushe a ƙasar nan shekara 9 ne, 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kuma jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, sai a ƙarshen shekara ta tara ake yin ta. Kuna da fiye da shekara 4 a gabanku.

Barcin aji kuwa ba a makaranta maganinsa yake ba. Ki duba ƙarfe nawa take kwanciya, ƙarfe nawa take tashi, kuma ko tana samun zama ta karya kafin ta fita ko a tsaye take kurɓar koko. Sannan ki taka da ƙafarki ki ga malamar ajin, ki keɓe da ita ki ba ta labarin yarinyar, ki roƙe ta ta dawo da ita layin gaba, kuma kada ta riƙa kiranta marainiya a gaban 'yan aji ko da da nufin tausayi ne. Mu malamai muna canza wa yaro fuska idan muka san akwai mai bibiyarsa a gida, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Wanda Ya Tashi a Riƙo, Kubwa, Abuja

Hajiya, barka da ƙoƙari. Ni ba malami ba ne, amma na zauna inda yarinyar nan take zaune, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Mahaifina ya rasu a rikicin Jos na watan Satumban 2001 ina da shekara 9, aka kai ni gidan kawuna a Gangare. Ba zan taɓa cewa an zalunce ni ba: abin da suka ci shi na ci, kuma duk Sallah an yi mini ɗinki tare da 'ya'yan gida. Amma ni ne mai ɗebo ruwa, kuma duk wanda ya san sanyin Jos na Disamba da Janairu ya san yadda yatsu suke zama bayan an yi sawu huɗu da bokiti kafin gari ya waye. Kullum a makare nake isa makaranta, kullum sai an yi mini bulala a bakin ƙofa, sannan in shiga aji darasin farko ya yi nisa, hannuna bai ma iya riƙe biro ba. Lissafi ake yi a darasin farko. Na shekara biyu ina faɗuwa lissafi, kowa ya yarda cewa ba ni da kansa, har ni ma na yarda.

Abin da kika faɗa na jakar bakko shi ya taɓa ni. Ni ma a leda nake ajiye kayana. Yaron da aka sauya wa gida sau biyu ba ya yarda cewa na ukun shi ne na ƙarshe. Kullum kunnensa yana kan hirar manya, yana jiran ya ji ranar da za a ce a mayar da shi. Wanda ke cikin wannan hali ba ya ganin dalilin wahalar da kansa a makarantar da yake zaton zai bari kafin ƙarshen shekara. Babu wanda ya taɓa buɗe baki ya ce mini nan ne gidanka har ka gama karatu. Sun ɗauka na sani, ni kuwa ban sani ba. Ina roƙonki ki faɗa mata da baki, a gaban maigida, ki kuma ambaci shekarun: nan za ta gama firamare, nan za ta yi sakandare.

Katin sakamako kuma, ranar hutu kawuna yakan zauna a kan tabarma bayan la'asar 'ya'yansa su kawo nasu ɗaya bayan ɗaya, ya yi faɗa inda ya kamata, ya ba da tukuici inda ya kamata. Ni ba a hana ni kawowa ba, amma ba a taɓa tambayata ba, sai nake ninke shi in ajiye. Faɗan da ake yi musu shi na fi sha'awa fiye da tukuicin, domin wanda ake sa ran zai zama wani abu shi ake yi wa faɗa a kan maki. Abin ya canza ne a aji 6, ranar da wani malami ya ajiye bulala ya tambaye ni abin da ke sa ni makara, sannan ya bi ni har gida bayan an tashi. Kawuna ya ji kunya ƙwarai, domin bai taɓa lura ba. Aka mayar da ɗibar ruwa yamma, aka raba ta tsakaninmu mu uku. A zangon da ya biyo baya na ci lissafi a karon farko.

Saboda haka ni ban ɗauki bambancin makarantar kuɗi da ta gwamnati a matsayin babbar matsalarki ba. Safiyarta ita ce matsalar. Sannan idan da hali, ki riƙa haɗa ta da mahaifiyarta a waya ko da sau ɗaya a mako, kada ki ɗauka hakan zai rage miki matsayi a wurinta. Ni rashin jin muryar tawa uwar ya fi komai hana ni barci a shekarar farko.

Hajiya Babba, Anguwar Rogo

'Yata, na riƙe 'ya'yan dangi biyar a ɗakina, duk sun yi aure yanzu, don haka bari in saɓa wa ɗana na Abuja a abu ɗaya. Bambancin makaranta ba ƙaramin abu ba ne. Yunifom iri biyu a kan igiyar shanya ɗaya, yaro yana gani, maƙwabta suna gani, 'ya'yanki ma suna gani, kuma daga nan suke koyon cewa ita daban ce. Lokacin da ƙarfin marigayi maigidana ya kasa, gaba ɗaya muka kwashe su muka kai makarantar gwamnati, kuɗin da ya ragu muka ɗauki mai yi musu lesin da yamma. Ban ce dole ki yi haka ba, gidanki ke kika san shi, amma ki sa shi cikin lissafi kafin a kai ga saniyar marainiya.

Aiki kuwa kada ki ɗauke mata shi gaba ɗaya don tausayi. Tarbiyya ce, kuma yarinyar da ba ta taɓa komai a gida baƙuwa ce, ba 'yar gida ba. Ki raba shi ne kawai. Ɗan shekara 8 yana iya share tsakar gida, namiji ne ko mace. Kuɗin tara kuma a ba su a tare, a hannu ɗaya, adadi ɗaya.

Ma'aikacin Jin Daɗin Jama'a, Tudun Wada, Jos

Malama, waɗanda suka riga ni sun yi magana a kan karatu da zaman gida, ni zan tsaya a kan takardu, domin nan ne ake yin sakacin da ba ya bayyana sai bayan shekara 6 ko 7, lokacin da gyara ya yi tsada.

A gyara sunan nan tun cikin wannan zangon. Sunan da ke rajistar firamare shi ke bin yaro zuwa takardar kammalawa, daga nan zuwa BECE, zuwa WAEC da NECO. Tun daga 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma idan sunan da ke kan NIN ya saɓa da na takardun makaranta, sai an shiga rantsuwa a kotu da zirga-zirgar ofisoshi. Akwai kuma takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma da ake nema wajen shiga manyan makarantu da neman tallafin karatu, wadda bisa al'ada ta wajen uba ake bin ta. Yarinyar nan 'yar Toro ce, can za ta nemi tata, kuma sunan mahaifinta shi ne hujjarta. Duk mazaunin Jos ya san wannan takarda ba abin wasa ba ce. Addini ma abin da ya ce ke nan, domin aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a riƙa kiran 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu. Ki je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi mata takardar haihuwa da sunan mahaifinta, ki kai wa shugaban makaranta kwafi ya gyara rajista, sannan a yi mata NIN da wannan sunan, harafi da harafi. Ki kuma adana takardar shaidar rasuwar mahaifin idan akwai.

Ta fuskar doka, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Jihar Filato ta yi tata a 2005, ta tanadi riƙo ta hanyar umarnin kotu tare da sa idon jami'an jin daɗin jama'a. Mafi yawan riƙon da muke yi tsakanin dangi ba ya bi ta nan, amma ina ba ki shawara aƙalla ku rubuta yarjejeniya, mahaifiyar yarinyar da baffanku da mai unguwa su sa hannu cewa tana hannunki har ta gama karatu. Amfaninta shi ne ranar da wani daga dangin uba zai zo ya ce a ba shi ita ta taya matarsa aiki, ko a cire ta a yi mata aure, kina da abin nunawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ɗora wa uba ko mai riƙo alhakin tabbatar da yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, don haka doka tana bayanki idan aka zo da irin wannan magana.

Batun saniya, malamai sun halatta a ciyar da maraya daga dukiyarsa a kan abin da yake maslaharsa, karatu kuwa yana ciki. Abin da aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi a kansa shi ne cin dukiyar da zalunci, aya ta 6 kuma ta ce a kafa shaidu ranar miƙa musu ita. Sai dai wanda aka naɗa waliyyin dukiyar shi ke da ikon sayarwa, ba ke ko maigida ba, kuma a rubuta kowace naira. A ganina ma lokacin bai yi ba. Kuɗin saniya ɗaya zai ƙare cikin 'yan zanguna, daga nan a sake cire ta a mayar da ita inda ta fito, ya zama sauyi na biyar. Gara a bar shanun su hayayyafa har lokacin babbar sakandare da kuɗin jarrabawa, inda nauyin gaske yake.

Gwaggon Marainiya, Rikkos, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dakata mako uku kafin in dawo, don in zo da abin da na gani.

Malama, na yi gwajin. Ta gane baƙaƙe 7 cikin 10, tana rikita b da d, a gaɓoɓi kuma ta tsaya cak. Muna zama bayan magariba a ɗakina da ƙofa a rufe, kuma shekaranjiya ta karanta "Inna ta dafa tuwo" da kanta, ta ɗago ta dube ni kamar ba ta yarda ita ce ta karanta ba. Na ga malamar ajinsu, ashe ita ba ta ma san yarinyar ba 'yar cikina ba ce. Ɗibar ruwa ta koma bayan la'asar, ita da babban ɗana. Ya yi ƙunƙuni kwana biyu, babansa ya tsawatar masa.

Hajiya, na kai wa maigida maganarki ta haɗa su a makaranta ɗaya. Bai amince ba, bai kuma ƙi ba, ya ce a bari a ga ƙarshen shekara. Saniya dai mun bar ta. Takardar haihuwa ta fito da sunan yayana, saura gyaran rajista, shugaban makarantar ya ce in dawo ranar Litinin.

Yayana na Abuja, na faɗa mata abin da ka ce a gaban maigida, na kuma kira mata mahaifiyarta ranar Juma'a, suka yi kuka su biyu har kati ya ƙare. Ba ta ce komai ba a kan maganar zama. Kayan makarantarta da hijabin Islamiyya sun koma durowa, sauran suna cikin jakar, ni kuma ban matsa mata ba. Tambayar da ta rage mini ita ce hutun ƙarshen shekara: mahaifiyarta tana so a kai mata ita ta yi mako biyu, ni kuma ina fargabar kada tafiyar ta mayar da mu baya, ko yarinyar ta ɗauka mayar da ita aka yi. Wanda ya taɓa fuskantar haka, yaya ya yi?